Kilim ɗin Amurka a kan mita mai kilowat 3: nazarin wata mota mai ɗaki a Zinder

## Gidan, motar da wutar

Gidan yana gefen birnin Zinder, kusa da ƙarshen layin wutar unguwa. Mai gidan dillalin motoci ne da ke kawo kaya daga Kwatano. A cikin kayan da suka zo masa har da wata mota mai ɗakin kwana, ƙirar Amurka, mai tsawon kusan taku 30, da ta rasa mai saye ta zauna a tsakar gida. Da zafin 2024 ya kunno kai, ga azumi ya faɗo cikin Maris da farkon Afrilu, sai aka yanke shawarar mayar da ɗakin bayan motar wurin kwanan mahaifiyarsa, dattijuwa mai hawan jini, tunda akwai na'urorin sanyaya ɗaki, wato kilim, guda biyu a kan rufin, ɗaya gaba ɗaya baya.

Abin da ke rubuce a jikin kowane kilim shi ne BTU 13,500 (ma'aunin ƙarfin sanyi), bolt 115, Hz 60 (yawan bugun wuta a daƙiƙa). Kwamfaresa, wato injin da ke matsa gas, da fanka tare suna cin kusan amfiya 14 idan suna aiki, amma a lokacin tashi kwamfaresar kaɗai tana fizgar kusan amfiya 60 na ɗan ƙiftawar ido. Wayar motar mai ƙafa huɗu ce, irin wadda Amurkawa ke haɗawa da wuta mai amfiya 50: ƙafafu biyu masu rai, kowace bolt 120, sai nitiral da wuta ke komawa ta cikinta, sai wayar ƙasa.

Wutar Nijar kuwa bolt 220 ce, Hz 50. Rajistar gidan da NIGELEC, kamfanin wutar ƙasar, ta kilowat 3 ce, faz ɗaya, wato waya mai rai guda, kuma disjonktan mita, makatsin da ke yanke wuta idan lodi ya wuce kima, na amfiya 15 ne. A kan wannan mita akwai firij, da firiza da uwargida ke daskarar da ƙanƙara da zoɓo na sayarwa, da fankoki biyar, da talabijin da fitilu. Waɗannan suna cin kusan amfiya 4 da rabi da daddare. Akwai kuma famfon tura ruwa zuwa tanki mai cin amfiya 4, da dutsen guga mai cin 5.

Yankin Zinder da Maraɗi yana samun kaso mai yawa na wutarsa ta layin kilobolt 132 da ke fitowa daga Katsina ta Gazawa. An yanke shi a Agusta 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO, aka janye takunkumin a Fabrairu 2024. Wato aikin ya faɗo a lokacin da wuta ke dawowa hayyacinta, kuma a watannin da zafin rana kan haura digiri 40, kowane gida yana jan iyakar abin da zai iya ja.

## Farkon Maris: haɗin kai tsaye

Wanda ya fara taɓa aikin yaro ne mai gyaran wutar gidaje. Ya ga filogi mai ƙafa huɗu da waya mai kauri, ya ɗauka na bolt 220 ne. Ya yanke filogin, ya haɗa wayoyi biyu masu rai a faz, ya kai farar waya nitiral, ya kunna.

Kowane layi a cikin motar ya sami ninkin wutar da aka yi shi dominta. Cajar da ke mayar da wuta zuwa bolt 12 ta ƙone nan take da hayaƙi, haka murhun ɗumama abinci da talabijin ɗin motar. Kilim biyun sun tsira ne kawai saboda makatsansu a cikin akwatin rabon wuta suna kashe tun daga tashar jirgin ruwa.

Ƙonewar cajar ta bar wata matsala da ba a gane ba sai bayan kwana biyu. Ma'aunin zafi na bango da allon da ke ba kilim umarni dukansu da bolt 12 suke aiki. Da baturan ɗakin motar suka sauka, ko fanka ta daina amsawa, har aka fara zaton kilim ɗin ma sun tafi. An kawo caja mai amfiya 20 mai aiki da bolt 220, aka haɗa ta kai tsaye da baturan, allon ya farfaɗo. Wannan caja ita ce ta zauna har ƙarshe.

## Tsakiyar Maris: ƙaramin taransifoma da doguwar waya

An sayo taransifoma mai sauke 220 zuwa 110, an rubuta wat 2,000 a jikinsa. Aka ajiye shi a falo, aka ja waya mai tsawon taku 100, wato mita 30, mai kaurin milimita 1.5, daga bakinsa na 110 zuwa motar. Ragowar wayar tana naɗe a kan gargare.

Da safe kilim ɗin baya ya tashi, ya yi sanyi kaɗan. Da daddare kuwa fanka ce kawai ke juyawa. Kwamfaresa sai ta yi gurnani na daƙiƙa uku ko huɗu, ta yi ƙas, ta mutu, bayan minti biyu ta sake gwadawa. Wannan ƙarar ta makarin zafi ce da ke jikin kwamfaresar, mai yanke ta idan ta ja wuta ba ta juya ba. A dare na uku wayar da ke kan gargare ta yi laushi har robar ta manne da juna. Disjonktan mita ya faɗi sau da yawa, gida duka ya shiga duhu, ƙanƙarar sayarwa ta narke.

A wannan mako ne kuma wata yarinya ta taka matakalar motar ba takalmi bayan an yayyafa ruwa a tsakar gida, ta ji wuta ta ja ta. An cire haɗin a ranar.

Wani mai gyaran firij da aka kira ya ce gas ne ya ƙare, a bari ya huda bututu ya ƙara. Ba a yarda ba. Kilim ɗin rufin mota a rufe yake zuwa daga masana'anta, ba shi da bakin ƙara gas, kuma na'urar da ta yi sanyi da safe ba gas ne ya hana ta tashi da dare ba.

## Ƙarshen Maris: janaretan motar

Motar tana da nata janareta mai kilowat 5.5, mai ba da bolt 120 da Hz 60. Aka canja masa mai, aka wanke kafireto, ya tashi. A kansa kilim biyun suka yi aiki tare. Na gaba yana tashi tsaf, na baya yana ɗan jan ƙafa kafin ya kama.

An yi sauran kwanakin azumi a haka, amma da tsada. Da kilim ɗaya janaretan yana shan kusan lita 2 a awa, da biyu ya kusa 3. Fetur a lokacin sefa 540 ne lita, duk da matatar SORAZ tana nan arewacin gari. Awa takwas na dare lita 16 ke nan, sefa 8,640 kowace rana. Ga ƙara a kunnen maƙwabta. Amma abin da ya fi haɗari shi ne hayaƙi: motar tana tsaye tsakanin katanga biyu, iska ba ta ratsawa, kuma iskar guba da ke fita daga salansa ba ta da wari, tana iya shiga ɗaki ta ƙasan mota mutum yana barci. Na'urar gargaɗin hayaƙi da ke cikin motar ta wuce wa'adinta da shekaru. An canja ta, aka kuma hana kwana da janareta a kunne.

## Makon bayan Sallah: awo kafin sayayya

A nan aka kawo ma'aikacin wuta da ya saba da injinan masana'antu. Bai sayi komai ba sai da ya yi kwana uku yana awo da ma'aunin bolt da filaya mai auna amfiya, safe, rana da dare.

A bakin mita ya sami bolt 216 zuwa 220 da asuba, 205 da azahar, 188 zuwa 192 tsakanin ƙarfe 8 da 11 na dare. Taransifoma mai raba wuta biyu ba ya ƙara komai, don haka da daddare bolt 96 yake bayarwa tun kafin a ɗora masa lodi. Da aka ɗora amfiya 13, shi kansa ya zubar da bolt 6, alamar cewa wat 2,000 da aka rubuta ba na aikin yini ba ne.

Wayar ta fi shi ɓarna. Tagulla mai kaurin 1.5 a tsawon mita 30, zuwa da dawowa mita 60, ya kamata ta cinye kusan bolt 9 a amfiya 13. Wannan ta cinye 14. Da aka kankare silin wayar sai ga fari a ciki: alminiyam ne aka shafa wa tagulla. Bolt 14 sau amfiya 13 ya haura wat 180 na zafi, kuma rabinsa yana tare a kan gargare inda iska ba ta kaiwa. Abin da ke isa kilim da dare bai wuce bolt 76 ba, kuma a lokacin tashi yana faɗuwa ƙasa da 65. Da safe yana samun kusan 88, shi ya sa yake tashi da ƙyar.

Jan wutar da yarinyar ta ji shi ma ya bayyana. Taransifoman mai naɗi ɗaya ne, wato shigarsa da fitarsa suna da waya guda ta tarayya. Filogin gida kuwa yana shiga soket ta kowace fuska. Idan ya shiga daidai, wayar tarayyar tana kan nitiral. Idan ya juya, wayoyin fita biyun suna zama bolt 220 da 110 a kan ƙasa, ko da yake tsakaninsu 110 ne. Motar tana kan tayoyi, ba wayar ƙasa. Tsakanin jikinta da jiƙaƙƙiyar ƙasa an auna bolt 50 da filogi a fuska ɗaya, fiye da 150 da aka juya shi.

Sai batun Hz, wanda taransifoma ba ya canjawa. Injin da aka yi wa bugu 60 a daƙiƙa, idan ya sami 50, gudunsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida. Kwamfaresa mai juyi kusan 3,450 a minti tana komawa wajen 2,900. Sanyin da take bayarwa yana sauka daga BTU 13,500 zuwa kusan 11,200, fankar da ke hura wa bututun waje iska ita ma tana rage gudu. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: a Hz 50 injin ba ya son cikakken bolt 115 ko 120. Ƙarfin maganaɗisun da ke cikin ƙarfensa yana bin rabon bolt da Hz. Raba 115 da 60, ka ninka da 50, za ka sami 96. Shi ya sa ake ganin kwamfaresoshi da aka rubuta wa bolt 115 a Hz 60, bolt 100 a Hz 50. Idan aka ba ta 120 a Hz 50, ƙarfen yana ƙoshi, wutar da take ja tana hawa, naɗin yana zafi ba tare da ƙarin sanyi ba. Ma'aikacin ya tsayar da abin nema a tsakanin bolt 100 da 107 a bakin kilim yana cikin aiki.

Da mai gidan ya nemi a sayo babban taransifoma kawai a huta, amsar da ya samu ita ce: "Alhaji, ko na unguwa muka ɗauko, mitarka amfiya 15 za ta bari ya wuce."

## Tsakiyar Afrilu: sabon layi

An ja wa motar layinta daban tun daga akwatin da ke bayan mita. A zaure aka sa disjonkta mai amfiya 10 na rukunin D, tare da makatsin ɗigar wuta mai miliamfiya 30. An zaɓi 10 da gangan, domin idan motar ta wuce rabonta nata ya faɗi, gida ya tsira. An zaɓi rukunin D saboda taransifoma yana fizgar wuta mai yawa a daidai lokacin da aka kunna shi, kuma rukunin C da aka fara gwadawa yana faɗuwa a kan wannan fizga ko babu lodi.

Daga nan waya mai sili uku, tagulla zalla, kaurin milimita 4, ta bi cikin bututun roba a ƙarƙashin ƙasa mita 30 zuwa wata 'yar rumfa a gefen motar. Canjin da ya fi kaurin wayar muhimmanci shi ne wurin zaman taransifoma. Da aka kai shi gindin mota, doguwar tafiyar ta koma ɓangaren 220, inda amfiya rabi ce, bolt kuma ninki. Ko da waya iri ɗaya aka yi amfani, kason asarar yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Da sabuwar wayar, asarar ba ta kai bolt 2 da rabi ba a amfiya 9.

A cikin rumfar abubuwa uku ne a jere. Na farko regilata mai kVA 5 (ma'aunin ƙarfi mai kama da kilowat), irin mai ɗan inji a ciki da ke juya gawayi a kan naɗi, tana riƙe fitarta a 220 ko shiga ta sauka zuwa 170. Tana da bakin 110 a bayanta, amma ba a yi amfani da shi ba: a yawancin irinta wannan baki ɗan kaso ne kawai na ƙarfin da aka rubuta, kuma naɗi ɗaya ne, matsalar da aka gudo daga gare ta. Na biyu makarin jinkiri, wanda ke hana wuta wucewa sai bayan minti huɗu da dawowarta. Kwamfaresar da aka yanke tana cikin aiki tana da matsin gas a gabanta, idan wuta ta dawo nan take ba za ta iya tura shi ba. Na uku taransifoma mai kVA 3, mai naɗi biyu a rabe, wanda wani mai naɗin injina a gari ya yi a kan Hz 50, shiga 220, fita 105.

A bakin fitarsa an haɗa waya ɗaya da ƙasa ta zama nitiral, aka sa wani makatsin ɗiga mai amfiya 25, domin na zaure ba ya ganin abin da ke faruwa a bayan naɗi na biyu. Wayoyin motar biyu masu rai an haɗa su wuri guda a kan bolt 105. A wannan haɗi nitiral yana ɗaukar jimillar lodin duka biyun, amma wayar motar ta amfiya 50 ce, ba ta ji ba.

Sandar ƙasa ta ba da wahala. Ƙasar Zinder yashi ce a kan dutse, da rani kuma busasshiya ƙayau. Sanda ɗaya mai mita 1.5 ba ta ba da awo mai kyau ba. An ƙara ta biyu nesa da ita da mita 3, kusa da magudanar wurin alwala inda ƙasa ba ta bushewa, aka haɗa su da tagulla mai kaurin 16, aka ɗaure da ƙashin motar. Bayan haka awo tsakanin jikin mota da ƙasa ya koma ƙasa da bolt 1.

A cikin motar an kashe makatsin tukunyar ruwan zafi, wadda ƙarfen ɗumamarta kaɗai ke cin wat 1,400, kusan daidai da kilim. An kashe firijin motar mai cin wat 300, tunda akwai na gida. Cajar batura ta koma bakin regilata, ba ta bi ta taransifoma.

## Ƙarshen Afrilu: tashin kwamfaresa

Da sabon layin kilim ɗin baya ya riƙa tashi dare da rana, yana samun bolt 103 zuwa 105, yana cin amfiya 13. A ɓangaren gida, motar duka tana jan amfiya 7.4 idan wuta ta cika, 8.7 idan ta sauka zuwa 188. Regilata ba ta ƙirƙiro wuta, abin da ta ƙara a bolt daga amfiya take ciro shi. Idan aka haɗa da lodin gida, jimilla ta kai 13 da ɗoriya a kan disjonkta mai 15.

Saura fizgar tashi. Filaya ta nuna amfiya 55 a ɓangaren 105, wato kusan 30 a ɓangaren gida, kuma tashin yana ɗaukar fiye da daƙiƙa biyu. Fitilu suna dusashewa, firiza tana shaƙewa, kuma idan tashin ya haɗu da na firij, disjonktan mita da ya riga ya ɗumama yana faɗuwa. Hakan ya faru sau biyu ko uku a mako.

An hau rufi, aka kashe wuta, aka sauke cajin kafasita, ɗan gwangwanin da ke taimaka wa kwamfaresa juyawa, kafin a taɓa ta, domin tana riƙe wuta ko bayan an kashe. An rubuta mata maikirofarad 45, awo ya nuna 31, kanta ya ɗan kumbura. Wannan ya bayyana jan ƙafar da aka gani tun a kan janareta. A Hz 50 kafasita tana wuce da wuta ƙasa da yadda take yi a 60, don haka mai rauni tana ƙara rauni. An sa sabuwa mai 45 daidai, mai jure bolt 440. Tashin ya koma ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

An gwada ƙarin kafasitar tashi, irin wadda masu gyaran kilim ke liƙawa. Ta ƙara gajarta lokacin, amma ƙololuwar amfiyar tana nan inda take, fitilu suna ci gaba da ƙiftawa. Abin da ya rage ta shi ne na'urar sassauta tashi, wadda ke ɗaga wa kwamfaresa wuta a hankali maimakon a sake mata ita gaba ɗaya. An tabbatar samfurin yana karɓar Hz 50 kafin a saya, aka cire ƙarin kafasitar tashin domin ba sa zama tare. Irin wannan na'ura tana nazarin kwamfaresa a tashi biyar na farko, saboda haka an yi su da asuba, lokacin da wuta ta fi tsayuwa. Fizgar ta sauka zuwa amfiya 22, kusan 12 a ɓangaren gida. Amfiyar aiki kuwa tana nan 13, na'urar ba ta taɓa ta.

An gwada kilim biyu tare sau ɗaya, don a gani. Layin motar ya kai amfiya 17, disjonkta mai 10 ya faɗi ba da jimawa ba, gida bai ji komai ba. Aka kashe makatsin na gaba, aka liƙa masa salatif.

## Mayu: rumfa, ƙura da rabon lodi

Wuta ta daidaita, amma da ƙarfe 3 na rana, waje yana digiri 43, ɗakin baya bai sauka ƙasa da 35 ba, kwamfaresa ba ta hutawa, tana cin amfiya 14 da rabi. Zafin waje yana ɗaga matsin gas, matsin kuma yana ɗaga amfiya. Masu aikin kan ƙiyasta ƙarin amfiya ɗaya a kowane digiri 5 ko 6 sama da 35.

An cire murfin kilim aka sami haƙarƙarin bututun waje a toshe da ƙurar hunturu, ta zama laka busasshiya. An wanke shi da ruwa mara ƙarfi daga ciki zuwa waje, an rufe akwatin wayoyi da leda, aka miƙe ƙarafan da suka lanƙwashe. A ciki kuma soson da ke raba iskar da ke shiga da wadda ke fita ya zame, sanyi yana komawa cikin na'urar bai shiga ɗaki ba. An mayar da shi da salatif na alminiyam. Bambancin zafi tsakanin iskar shiga da ta fita ya tashi daga digiri 6 zuwa 11.

Sai rumfa. An kafa ta da zana a kan ƙarafa, ta rufe motar duka, an bar tazarar fiye da mita ɗaya sama da kilim. Da farko an so a sauke ta ƙasa don rage kuɗin ƙarfe, amma rumfa mai matse rufi tana mayar wa na'ura iskar zafin da ta fitar. Gilashin gaba an rufe shi da tabarma ta waje, ba ta ciki ba, domin zafin da ya riga ya ratsa gilashi ya shigo. An rufe ƙofar ɗakin baya, aka toshe ramukan iska na sauran motar.

Bayan wannan, da ƙarfe 3 na rana ɗakin yana 29, amfiya ta koma 13 da rabi. Da dare yana 25, kwamfaresa tana hutawa kusan kwata na lokacin.

Disjonktan zaure ya faɗi sau biyu da la'asar ba tare da lodi ya ƙaru ba. Rana ce ke dukan akwatin ta ƙofa. Ƙarfen da ke cikin makatsi da zafi yake aiki, kuma an daidaita shi a kan digiri 30. A akwatin da ya kai 50, yana faɗuwa kafin amfiyar da aka rubuta. An matsar da shi bangon da rana ba ta kaiwa.

Ƙa'idar gida ta zama biyu kacal: famfon ruwa da asuba, guga da hantsi, duka a lokacin da kilim ke kashe. Mita ta nuna ƙarin kilowat-awa 15 zuwa 17 a rana, a aikin kusan awa 14.

## Yuni

Da damina ta fara sauka, laima ta ƙaru, bututun ciki ya yi ƙanƙara a dare biyu da aka bar fanka a ƙaramin gudu da ma'auni a 20. Fankar da Hz 50 ya riga ya rage wa gudu ba ta da sauran abin ragewa. An mayar da ita babban gudu, ma'auni a 25, ƙanƙarar ba ta dawo ba. Ruwan da kilim ke tatsa ya ɗiga cikin ɗaki sau ɗaya saboda motar ta karkata, aka sa katako a ƙarƙashin tayoyin hagu. Daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Yuni disjonktan mita bai faɗi saboda motar ba.

## Hukunci

Matsaloli huɗu ne suka taru a wuri ɗaya, kuma gwaje-gwajen farko a kan wutar gida ba su warware su ba: bambancin bolt, bambancin Hz, asarar waya, da iyakar amfiya 15. Haɗin kai tsaye ya ƙona kaya saboda an yi wa filogi hukunci da ido. Ƙaramin taransifoma ya gyara bolt a takarda, amma wurin da aka ajiye shi da wayar da aka ja sun cinye abin da ya bayar. Janareta ya ba da wutar da ta dace, kuma amfaninsa na gaskiya shi ne ya nuna na'urorin lafiyarsu lau, wanda ya hana a huda su.

A cikin abin da ya yi aiki, matsar da taransifoma gindin mota da canja kafasita su ne mafi arha, kuma su suka sa kwamfaresa ta fara tashi. Na'urar sassauta tashi ita ta hana gida faɗawa duhu, amma da an sa ta tun farko a kan tsohuwar waya, da ba ta yi komai ba, domin bolt 76 ba ya riƙe kwamfaresa ko ta tashi. Rumfa da wanki sun sauke zafin ɗaki da digiri 6 kuma sun rage amfiya ɗaya, a mita da ratarta ba ta kai biyu ba. Sandar ƙasa da naɗi biyu ba su ƙara sanyi ko kaɗan ba, amma su ya kamata a fara yi kafin komai, tun kafin yarinyar ta taka matakala.

Kilim biyu ba za su taɓa shiga kilowat 3 ba, kowace dabara aka yi. Rajistar kilowat 6, mai amfiya 30, za ta ɗauke su tare da gida, wajen amfiya 22, idan aka ɗaga taransifoma zuwa kVA 5 da disjonktan layin zuwa 20. Wayar milimita 4 ta isa.

Abu ɗaya ba a warware ba. Kwamfaresar tana aiki a Hz da ba nata ba, da fanka mai raguwar gudu, a garin da ke kai digiri 43, kuma hakan yana rage mata kwana ko da bolt ya daidaita. Ranar da ta tsaya, sayen irinta ba shi ne daidai ba. Ramin rufin motocin nan inci 14 ne kowane gefe, kuma akwai kilim ɗin rufi na bolt 230 da Hz 50, ƙirar Turai, da ake yi wa wannan rami ko ake daidaita shi da ɗan firam. Tunda motar ba ta tafiya ko'ina, kilim ɗin bango na gida mai BTU 9,000, irin mai inbata da ke daidaita gudun kwamfaresa, zai sanyaya ɗakin bayan da abin da bai wuce amfiya 4 ba, ba fizgar tashi, kuma a kan layin da aka riga aka ja zai zauna, a cire taransifoma kawai.